Bandar Takarda

Ofishinmu na saman shagon igiya ne a Calbuco,
taga ɗaya, tana kallon jiragen masunta,
ruwan sama kuwa ba ya sallama a garin nan.
Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da littafin ƙungiya,
na san mai biyan kuɗin wata, na san mai laɓewa.

Ran Talata na tura wa kamfanin inshora jerin sunaye,
kowa da jirginsa, kowa da lambarsa,
na jera su tsaf kamar ƙwai a faranti.
Da aka buɗe can Santiago, a tasu kwamfutar,
sai jerin ya watse kamar an jefi kaji:
jirgin Baldomero ya koma gaban sunan Ismenia,
lambar Ismenia ta gangara shafi na biyu,
sa hannun shugaba ya tsaya shi kaɗai a farar takarda
kamar baƙon da aka manta a tasha.
Wata yarinya ta bugo waya, da ladabin nan mai ciwo:
"Doña Eulalia, ko za ki sake dubawa?"
Ni da ban taɓa ɓatar da ko peso ɗaya ba!

Nahuel, ɗan ƙanwata, ya hawo da jiƙaƙƙiyar hula
yana warin man jirgi.
Ya ce, "Inna, ba hannunki ne ya kauce ba.
Kowace na'ura da irin haruffanta,
abin da ta rasa sai ta cike da son ranta.
Adana shi za ki yi a PDF."
Ya danna nan, ya danna can, ya zaɓi baƙaƙe uku.
"Yanzu ko a waya aka buɗe, ko a bayan duniya,
yadda kika bar shi haka za a tarar."

Sai na tuna uwata da ɗakin hayaƙinta,
idanu jajur, tana juya kifi a kan waya.
Ɗanye ba ya kwana biyu a hanya, in ji ta,
amma wanda ya sha hayaƙi
har Temuco zai je da kamanninsa.
Na ce, ashe banda ce.
Nahuel ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Tun daga nan nake bandar takardu:
rasit, yarjejeniyar haya, bayanin taron wata,
in yi musu suna da kwanan wata, in sallame su.

Sai watan tunawa ya kama.
Na buga sunayen waɗanda teku ta riƙe,
mutum ashirin da uku,
don 'ya'yansu da ke Punta Arenas da sauran nisa.
Na ƙyafe, na tura, na rufe ofis.
Da dare na buɗe a wayata, ina shan shayi,
layi na tara: Aurelio, yayana.
Saba'in da takwas ya tafi.
Ni kuwa tamanin da bakwai na rubuta.

Na dawo cikin ruwa, na hau bene a duhu,
na danna lambar, na sake dannawa, ta ƙi motsi.
Banda ba ta komawa ɗanye.
Allah ya sa yaron ya taɓa ce mini,
"Kada ki yar da na asali, shi ne mai karɓar gyara."
Yana nan. Na buɗe shi.
Yatsana a kan maɓalli, sai na kasa.

Shekara tara na ƙara masa ban sani ba.
Da ya yi aure a cikinsu,
da ya biya bashin injin,
da ya ga ranar da aka haifi Nahuel.

Na bar masa su har gari ya waye.
Da safe na gyara, na sake hura wuta.